Yadda za ka gane tsohuwar mujallar Weird Science in ka ci karo da ita a haraj

Wani kwali ne ya jawo wannan rubutun. Kawuna ya yi kusan shekara 20 yana tuƙa wasu Turawa a wani kamfawun can arewacin Jidda, da za su koma ƙasarsu suka haɗa masa tarkace, su fanka, su tukwane, da wani kwali mai nauyin tsiya da ya ɗauka kwanuka ne, ashe takardu ne. Ya cilla shi saman durowa ya manta da shi, sai lokacin rusau da kowa ke tattara komatsansa aka sauko da shi, matarsa tace a kai zubala, wato bola, ni kuma Allah ya kawo ni daidai lokacin nace Hajiya dan Allah tsaya in duba tukunna. Ina buɗewa sai ga mujallun zane, bangon duk roka da 'yan sama jannati da wasu halittu masu ido kamar faranti, a sama an rubuta Weird Science da manyan baƙi, wasu kuma Weird Fantasy. Na shiga intanet na ga kuɗin da ake sayar da na asali, wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, har na zaɓi kalar motar da zan saya. Bayan kwana biyu na gane duka sabon bugu ne na shekarun 1990, kuɗinsu gaba ɗaya ba zai sayi tayar motar ba.

Toh tunda ni na sha wannan kunyar bari in rage wa wani hanya, musamman mu da ke yawon haraj, wato kasuwar gwanjo ta Saudiyya, ranar Juma'a da la'asar, ko Sawarikh a nan Jidda ko Bin Ƙasim ga mutanen Riyad, don irin waɗannan kwalaye suna fitowa jefi-jefi, Amurkawa sun daɗe suna zama a ƙasar nan tun zamanin haƙo mai a Zahran kuma ba komai suke komawa da shi ba.

Abu na farko ka san dangin mujallar, in ba ka san asalinta ba ko an miƙo maka zinariya ba za ka gane ba, kuma ko an miƙo maka gwangwani za ka rungume. Mu da muka tashi da Majid da Basim da Superman na Larabci wanda aka fara bugawa a Bairut a 1964 har aka raɗa masa suna Nabil Fauzi, mun saba da jarumi ɗaya da ke dawowa kowane mako. Wannan ba haka take ba. Kowace fitowa labari huɗu ne gajeru, shafi 6 zuwa 8 kowanne, ba jarumin da ke dawowa, yau kana duniyar Mars gobe kana cikin ɗakin gwajin wani masanin kimiyya da ya haɗa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma kusan kowane labari a hoton ƙarshe ake juya maka kwano. Ana fitar da ita duk wata biyu, kuɗinta senti 10.

Kamfanin sunansa EC, yana birnin New York. Wanda ya kafa shi Max Gaines ne a 1944, kuma shi da niyyar karantarwa ya buɗe, labaran Baibul da tarihi da kimiyya cikin zane don yara, sai dai kasuwa ba ta karɓa ba. A 1947 ya mutu a haɗarin kwalekwale, ɗansa William Gaines mai shekara 25 wanda shi burinsa ya zama malamin kimiyya a makaranta aka ɗora masa kamfani da bashi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, shi da wani mai zane Al Feldstein suka juya akalar gidan zuwa labaran ban tsoro da na laifi da na almarar kimiyya. A watan Mayu zuwa Yuni na 1950 suka fito da tagwaye, Weird Science da Weird Fantasy. Kar sunan ya ruɗe ka kace ɗaya kimiyya ce ɗaya tatsuniya, duk kanwar ja ce, marubuta ɗaya masu zane ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato lamba. Nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, kuma nan ne ni na faɗa. Fitowar farko ta Weird Science ba lamba 1 aka rubuta mata ba, lamba 12 ce. Ta Weird Fantasy kuma lamba 13. Dalili kuwa rowa ce kawai irin ta 'yan kasuwa, a lokacin in za ka fara sabuwar mujalla sai ka biya gidan waya kuɗin izinin aika ta a farashi mai sauƙi, shi ne Gaines yace ai ba sabuwa bace tsohuwa ce aka canja wa suna. Weird Science ta gaji lambar wata mujallar soyayyar kaboyi mai suna Saddle Romances, ita kuma Weird Fantasy ta gaji ta wata mujallar soyayya da asalinta Moon Girl ce. Ka ji fa, daga soyayya a kan doki zuwa roka, wai duk mujalla ɗaya ce. Gidan waya suka gano suka ce ba su yarda ba, a gyara lissafi. Sai Weird Science bayan ta yi 12, 13, 14, 15 a 1950 ta dawo lamba 5 a farkon 1951, ta ci gaba da hawa har ta sake bi ta kan 12, 13, 14, 15 a 1952. Weird Fantasy ta yi 13 zuwa 17 sannan ta dawo 6, ita ma ta sake maimaita waɗancan lambobin. Kowaccensu ta tsaya a lamba 22 a ƙarshen 1953.

Amfanin wannan bayanin a bakin shimfiɗar mai haraj shi ne, in ka ga Weird Science an rubuta lamba 1 ko 2 ko 3 ko 4 a bango, shikenan magana ta ƙare, ba ta 1950 bace, don ba a taɓa buga waɗannan lambobin a na asali ba. Weird Fantasy kuma 1 zuwa 5. Ni ta saman kwalin kawu lamba 1 ce ɓaro-ɓaro, ita ce ma ta hana ni barci, ashe ita ce babbar shaidar cewa ba komai a hannuna. Sannan in ka ga lamba 12 zuwa 15 kar ka yi saurin cewa ta farko ce, sai ka duba shekara, 1950 ko 1952, don kuɗinsu ba ɗaya ba. Wani abin da zai taimake ka, bangon farko-farko Feldstein ne ya zana, mutanensa a sandare kamar an sa musu sitati, daga baya Wally Wood ya karɓi bangon Weird Science, kuma EC suna barin mai zane ya sa hannu a aikinsa, abin da ba kowane kamfani ke yi ba a lokacin, don haka ka duba kusurwar hoton za ka ga sunan.

Ragowar zuriyar ba ta da yawa. Tagwayen nan ba su taɓa kawo kuɗi sosai ba, ribar mujallun ban tsoro irin su Tales from the Crypt ce ke ɗauke da su, duk da haka a tallarsu cewa suke da su suka fi alfahari. A 1954 aka haɗe su wuri ɗaya da suna Weird Science-Fantasy, ta ɗauka daga lamba 23 zuwa 29, sai aka sake mata suna Incredible Science Fiction daga 30 zuwa 33, ta mutu a farkon 1956. In ka lissafa, 22 da 22 da 7 da 4, fitowa 55 kenan duka duka. Lamba 29 ita ce mai bangon Frank Frazetta da masu tarawa ke rububi, in Allah ya nufe ka da ta asalinta a haraj toh ka yi sujudar shukur kawai.

Bayan lamba sai ka duba kuɗin da ke bango. Senti 10 ne a Weird Science da Weird Fantasy na asali. In ka ga alamar dala, dala 1 da wani abu ko dala 2, sabon bugu ne. In ka ga layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kashiya, su ma sun gama maka magana, sai tsakiyar shekarun 1970 aka fara sa su a mujallun zane, amma rashinsu kaɗai ba hujja bace, wasu sabbin bugun ma ba su da su. Daga nan ka buɗe bango a hankali ka leƙa ƙasa, akwai wasu 'yan layuka da ƙananan baƙi da ba mai karantawa, nan ne katin shaidar mujallar yake, wata da shekara da adireshi. Ta asali za ka ga 225 Lafayette Street a New York. In ka ga sunan Russ Cochran ko Gladstone ko Gemstone, waɗannan su ne suka maimaita bugawa daga baya. Gladstone sun yi nasu a 1990 zuwa 1991 masu kauri, Cochran kuma daga 1992 ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa lamba daga 1, irin na kwalin kawu kenan. Akwai kuma na Kanada da wani kamfani Superior ya riƙa bugawa tun a wancan zamanin, tsoffi ne da gaske amma bugun bai kai na Amurka kyau ba, su ma a waɗannan ƙananan layukan za ka kama su.

Sai takarda. Ta asali irin takardar jarida ce mai arha, bayan shekara 70 da ɗoriya ta koma kalar shayi da madara, gefenta ya fi tsakiya duhu, kuma tana da wani wari, in ka taɓa buɗe tsohon littafin kakanka na zaure da ya shekara a gafaka ka san abin da nake nufi, sai dai wannan da ɗan tsami-tsami. Ta fi mujallun yanzu faɗi kaɗan. Ka ƙirga shafuka, 32 ne ban da bango, ka buɗe tsakiya ka ga ko ganyen tsakiyar yana nan don shi ne ke fara ficewa, ka duba ko wani yaro a 1952 ya sa almakashi ya yanke takardar odar kaya daga shafin talla, wannan kaɗai yana karya kuɗinta warwas. Ka duba ƙarfen da ya riƙe ta guda biyu, in ya yi tsatsa har ya ci takarda ka sa wannan a lissafi.

Wajen ciniki kuwa ba sai na koya wa Bahaushe ba, amma dai kar ka zaro guda ɗaya kana zare ido kana ɗaukar hoto, mai kaya na ganin haka zai ce mafi bai'i, wato ba na sayarwa bane, ko ya ninka. Ka taya kwalin gaba ɗaya kamar mai neman takardar da yara za su yi wasa. Wani Bayamane mai tsoffin littattafai da nake zuwa wajensa ya riga ya gane ni, yana hango ni yake cewa ya Nijeri ta'al, ya ɗaga min duk abin da ke da hoton roka, har littafin koyar da gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya taɓa miƙo min. In ta intanet za ka saya ba a cinikin biri a sama, ka nemi hoton bango gaba da baya da na ƙananan layukan nan da na tsakiya. Akwai waɗanda kamfanin CGC ya duba ya ba su maki daga 0.5 zuwa 10 ya rufe cikin roba mai tauri, waɗannan sun fi aminci amma ba za ka iya buɗewa ka karanta ba, ni kam ban ga amfanin littafin da aka kulle kamar gawa ba. Kuma in kana bincike ka haɗa da EC da 1950 a abin da ka rubuta, in ba haka ba wani fim na 1985 da ya ari sunan ne zai cika maka fuskar waya. Shafin Grand Comics Database yana da hoton bangon kowace fitowa da sunayen labaran ciki, nan nake gwadawa.

Toh a ce kamar ni sabon bugu ka samu, ko ma ba ka samu komai ba kana son karantawa kawai. Gaskiya bayan haushin motar ya sake ni sai na gane na fi kowa riba, don sabon bugu ne za ka iya lanƙwasawa kana shan shayi ba gabanka na faɗuwa. Kuma abin mamaki sabbin bugun suna da kyau ne saboda Gaines mutum ne mai ajiya, bai yar da ainihin zanen hannun ma'aikatansa ba, ya adana kusan duka, har kwafi 12 na kowace fitowa ya riƙa naɗewa yana ɓoyewa. In za ka yi oda akwai manyan kundaye masu kala da ake kira EC Archives, Gemstone suka fara a 2006 Dark Horse suka karɓa daga 2013, fitowa shida-shida a kundi ɗaya. Akwai na Fantagraphics daga 2012, baƙi da fari, su kuma kowane kundi mai zane ɗaya suka bi. Ni na fi son baƙi da farin, a nan kake ganin hannun mutum, duk da dai Marie Severin da ta riƙa sa musu kala ba ƙaramar gwana bace. Ka leƙa baje kolin littattafai na Jidda ko na Riyad ko manyan maktabobi, in babu sai oda. Kar ka ɓata lokaci neman su kyauta, har yanzu haƙƙin mallaka na hannun iyalan Gaines. In na kyauta kake so ka nemi Planet Comics wadda ta girme su, tun 1940 ta fara ta yi fitowa 73, ita tana nan a shafukan adana tsoffin mujallu, sai dai labaranta ba su kama ƙafar waɗannan ba.

Da ka buɗe abin da zai fara ba ka haushi shi ne yawan surutu, rubutu ya cika saman kowane hoto har yana danne kan mutane. Akwai dalili. Gaines ba ya samun barci saboda maganin rage ƙiba da yake sha, sai ya kwana yana karatu, da safe ya zo ofis da guntayen dabaru, shi da Feldstein su yi ta gardama har su tsayar da ɗaya, Feldstein ya zauna ya rubuta labarin kai tsaye a kan allon zanen, kusan labari ɗaya kullum. A fara zuba rubutun tukunna, sannan a ba mai zane ya cusa hotonsa a filin da ya rage. Rubutun ma ba da hannu zalla ake yi ba, da wani ma'auni ne mai suna Leroy, shi ya sa baƙaƙen suke daidai wa daida kamar na inji. Wannan ya zame mana alheri mu da Turancinmu ke ɗingishi, ka ɗora kyamarar waya a kai manhajar fassara tana karantawa tsaf ta juya maka zuwa Larabci, na gwada da wasu mujallun masu rubutun hannu ta riƙa kawo shirme.

Kar ka fara daga farko, na 1950 ɗin suna da ɗan danye, yawanci bom ɗin nukiliya da faranti mai tashi da ƙarshen duniya, tsoron da ke cikin zuciyar Amurkawa kenan a lokacin. Ka faɗa tsakiya, 1952 zuwa 1953. Ka nemi duk abin da Wally Wood ya zana ka tsaya ka kalli cikin rokarsa, wayoyi da maɓallai da agogo-agogo har ka rantse ya taɓa shiga, alhali ko tauraron ɗan adam na farko sai 1957 aka harba. Sai Al Williamson, yaro ne ɗan shekara 21 lokacin da ya shigo, layinsa siriri kamar zaren gizo. Sannan labaran Ray Bradbury, wani shahararren marubucin almarar kimiyya, su ma yadda suka shigo abin dariya ne. A Weird Fantasy lamba 13 ta 1952 sun ɗebi labaransa biyu suka gauraya suka canja suna ba su gaya masa ba, shi kuma maimakon ya kai ƙara sai ya rubuto wasiƙa cikin lalama yana cewa da alama an manta ba a aiko masa da dala 50 ɗinsa ba. Suka biya, aka zama abokai, daga nan suka zana labaransa sama da 20 da izininsa. Wanda ya fi tsaya min shi ne na Weird Fantasy lamba 17 ta 1953, ka lura ta 1953 nace ba ta 1951 ba, labarin wani gida mai aiki da kansa da ke ci gaba da dafa karin kumallo yana kiran mutanen gida su tashi alhali bom ya riga ya share kowa.

Amma in guda ɗaya tak za ka karanta, ka nemi Weird Fantasy lamba 18, Maris zuwa Afrilu 1953, labarin da ake kira Judgment Day, Feldstein ya rubuta Joe Orlando ya zana. Wani ɗan sama jannati Tarlton an turo shi daga duniyarmu ya duba wata duniyar da mutum-mutumi zalla ke zaune, ya ga ko sun cancanci a sa su cikin tarayyar duniyoyi. Tun da ya sauka bai cire hular kwanonsa ba, ba ka ganin fuskarsa. Wani mutum-mutumi mai kalar lemu ya zaga da shi gari yana ta cika baki, ga masana'antar da muke ƙera kanmu, ga makaranta, ga 'yanci. Sai Tarlton yace ina masu kalar shuɗi? Aka kai shi can gefen gari, unguwa ta lalace, a mota ma baya suke zama, wajen cajinsu daban. Ya shiga masana'antarsu ya nuna wa ɗan rakiyar cewa kayan ciki ɗaya ne sak, waya ɗaya, ƙarfe ɗaya, murfin waje ne kawai ya bambanta. Yace ba ku isa shiga ba tukunna, amma mu ma can da haka muke. Ya koma rokarsa, ya zauna, ya cire hular. Baƙin mutum ne, gumi na ƙyalli a fuskarsa.

Na karanta shi a tsugune a ɗakin kawu cikin ƙura da kwalaye, na daɗe ina kallon hoton nan. Duk wanda aka taɓa kira ya takruni, sunan da ake kiran baƙaƙen Afirka ta Yamma a nan Saudiyya, da wata irin murya, ba irin ta wasa ba, ba sai an yi masa sharhi ba. Kuma ka tuna wannan ya fito kusan shekara 3 kafin Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Disamba 1955.

Labarin nan kuma shi ne ya rufe littafin. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi yana cewa mujallun zane ne ke lalata yara, kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a New York a watan Afrilu, Gaines ya kai kansa ya ba da shaida aka yi masa ca a kan wani bangon mujallarsa ta laifi, jaridu suka yi ta yayatawa. Kafin shekara ta ƙare kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tace mujallu, Comics Code, duk wadda ba ta da tambarinta masu rarrabawa ba sa ɗauka. Kalmomin tsoro aka hana su a bango, shi ya sa weird ta fita daga sunan aka koma Incredible Science Fiction. Da aka zo lamba 33 hukumar ta ƙi wani labari, sai Gaines ya ɗauko Judgment Day ya maye gurbin da shi. Shugaban hukumar, wani alƙali Charles Murphy, yace sai dai a mayar da mutumin fari. Feldstein yace ai in an yi haka ba labari kenan. Gaines ya ɗau waya yace zai tara 'yan jarida ya faɗa wa duniya dalili. Sai alƙalin ya sauko yace toh a goge gumin da ke fuskarsa. Gumi fa. Gaines ya ɗura masa ashar ya kife waya, aka buga labarin yadda yake, kuma ita ce mujallar zane ta ƙarshe da EC ta fitar a wancan zamanin, abin da ya rage masa sai Mad, mujallarsa ta barkwanci, wadda ya riga ya mayar babbar mujalla a 1955 ta fita daga hannun masu tacewa. Don haka in ka ga tambarin hukumar, wani fari kamar kan sarki a kusurwar sama ta dama, a kan Incredible Science Fiction daidai ne, in kuwa a kan Weird Science mai cewa 1951 ka gan shi akwai lauje cikin naɗi.

Wata 'yar shawara kafin ka miƙa wa yara, ka fara dubawa da kanka. Wasu hotunan matan shigarsu ba ta gidanmu bace, wasu labaran kuma suna wasa da maganar farkon halitta, roka ta faɗi a wata duniya sai a ƙarshe ace wai mutum biyun da suka tsira su ne Adamu da Hauwa'u, irin wannan ni tsallakewa nake in ina karanta wa ƙannena, ba abin da ya ragu.

Ajiya ita ce yaƙin gaske a garin nan. Ruɗubar Jidda, wato danshin iskarta, ba ta barin takarda, ƙarfen tsakiya ya yi tsatsa, shafuka su manne, baƙin tabo ya fito. Mutanen Makka da Riyad nasu zafi ne da bushewa, takarda ta koma kamar ƙosai ya kwana, kana lanƙwasawa ta karye. Kar ka kai sito a saman bene, kar ka bari a mota ko na awa ɗaya da rana, kar kuma ka ajiye kwali a ƙasa, wanda ya ga ruwan Nuwamba 2009 ya san me nake faɗa. Ɗakin da mukayyif ke yawan aiki, cikin durowa, nesa da taga da bangon banɗaki, amma ba daidai inda iskar ke bugawa ba. Kowace ka sa ta a ledarta da kwali marar asid a bayanta, in ta asali ce ka nemi leda mai faɗi ta tsoffin mujallu don ta zamani za ta matse ta, ledar bakala kuma ba ta yi. Ka tsayar da su a tsaye kar ka jibga su, ka jefa 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi su riƙa shan danshi kana canjawa. Kuma dan girman Allah kar ka sa salatif a inda ya yage. Ni na yi wa guda biyu haka a makon farko, yanzu wajen ya koma ruwan ƙasa, man gam ɗin ya ratsa har bayan shafin, daidai kan fuskar wani ɗan sama jannatin Wood.

Na kawu guda 31 ne da na ƙirga, lamba 18 ɗin na ciki. Rannan ya zo gidanmu cin abincin dare yace wai ina maganar motar da nace zan saya masa da kuɗin takardun, na ɗauko masa ita na buɗe shafin ƙarshe. Ya gyara tabarau ya kalli mutumin ya kalle ni, yace wannan ai kamar ɗan Kano, shi ma direba ne? Nace eh Kawu, roka yake ja. Yace toh Allah ya sa suna biyansa kan lokaci, ya miƙo hannu a zuba masa shayi.